Zanen da Baba Yake Nema

Kafin in zauna a gidan Baba ban san ana kiwon zomo don kallo ba. A wajenmu zomo abin farauta ne, idan kuwa ka gan shi a keji to tukunya yake jira. Ranar da na je duba ɗakin haya a Cheras, wata unguwa a Malesiya, wari ne ya fara tarbata tun daga falo, wani wari mai kaifi gauraye da ƙamshin busasshiyar ciyawa. Mai gidan ya ga na yamutsa hanci, ya yi dariya ya ce, "Malam, gara ka gan su tun yanzu. Idan ba za ka iya zama da su ba, kada mu ɓata wa juna lokaci."

Dattijo ne mutumin Filato, Kirista, dogo, furfura har a gira. Ya je Malesiya tun ina yaro, ya yi koyarwa a wata kwaleji har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu a can, 'yarsa tilo tana aure a Jos. Ni kuwa ɗalibi ne mai neman digiri na uku. Maiɗakina ta koma Kano haihuwa, shi ya sa na saki gidan da muke ciki na nemi ɗaki guda. Ya ba ni na sama. Tun daga ranar nake ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Malam, ko da yake shi ne ya yi koyarwar ba ni ba.

Bayan kicin akwai ɗan fili da aka rufe da kwano. A nan kejunan suke, a jere, wasu bisa wasu, fankoki suna juyawa a kansu ba dare ba rana saboda zafin garin. Yawancin zomayen farare ne masu baƙin zane, sai 'yan kaɗan baƙaƙe wuluk. Na leƙa, na ce masha Allah don kada in yi shiru, na haye sama.

Ban daɗe a gidan ba annoba ta sa aka rufe gari. Aka rufe ɗakin gwajin da nake aiki, aka tsayar da jirage. Maiɗakina ta haifi namiji, aka yi suna ina kallo ta waya. Na yi kwanaki ina buɗe kwamfuta ina rufewa ban rubuta layi ɗaya ba. Kullum da safe ina jiyo Baba a ƙasa yana jan farantan ƙarƙashin keji yana wankewa, yana magana da dabbobinsa da Hausarsa ta Jos. Wata safiya na gaji da kallon silin, na sauka na karɓi tsintsiya daga hannunsa.

Da shara na fara. Daga nan na koyi cika gorunan roba da ruwa in daskarar a firji, in jingina su a jikin keji da rana don zomayen su kwanta kusa su sha sanyi. Na koyi yadda ake ɗaukarsu, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ɗuwawu, ba a kunne ba kamar yadda muke yi muna yara. Sai da Baba ya ga hannuna ya faɗa, sannan ya fara nuna mini abin da yake nema.

Ya shimfiɗa tsohon tawul a kan tebur, ya ɗora wani namiji. "Duba hancinsa," in ji shi. "Me ka gani?"

"Baƙi-baƙi."

"Ƙara dubawa."

Na sunkuya. Sai na ga ashe baƙin yana da siffa, kamar malam-buɗe-littafi ya sauka a kan hancin ya buɗe fikafikai. Baba ya bi sauran da yatsa. Zobe baƙi kewaye da kowane ido. Ɗigo ɗaya a kowane kunci, a ware, kada ya manne da zoben. Kunnuwa baƙaƙe har gindinsu. Layi guda daga ƙeya zuwa wutsiya. Sai ɗige-ɗigen gefe, su faro ƙanana daga wuya su riƙa girma har cinya, kuma na dama su yi daidai da na hagu.

"Wannan hancinsa ya yi," ya ce. "Amma dubi bayansa. Layin ya tsinke a tsakiya kamar titin da ruwa ya cinye. Alƙalin gasa ko juya shi ba zai yi ba."

Shekaru ya yi yana neman guda ɗaya da zai haɗa duka. Mai hanci ba shi da layi, mai layi ɗigon kuncinsa ya haɗe da ido. Na tambaye shi me zai hana ya haɗa masu zane biyu mafiya kyau ya huta. Ya girgiza kai.

"Idan ka haɗa mai zane da mai zane, a cikin 'ya'yan za ka samu wasu farare fat, zane kaɗan-kaɗan. Gwanin sha'awa suna ƙanana. Amma cikinsu ba ya aiki daidai. Su kumbura, su rame, su mutu a hannunka. Na gani sau ɗaya, ban ƙara ba. Shi ya sa nake haɗa mai zane da baƙa. Hanyar ta fi nisa, amma ina barcina lafiya."

Haka abin ya shiga raina ba tare da na shirya ba. Na wayi gari ina iya tsayawa gaban keji ina kallon gefen zomo kamar mai karatu. Na shiga zauren masu kiwon a waya, ina kallon hotunan da suke sakawa ina kushewa. Da azumi ya zo, Baba ne yake dafa mini gwate da tsakin masara da alayyafo kafin a sha ruwa, yana ƙorafin babu acca a ƙasar nan. Ranar Lahadi ya saka waya a kan tebur ya bi cocinsa, ni kuma in yi wankin kejunan ni kaɗai.

Na ji daɗin watannin nan, kuma jin daɗin yana damuna tun a lokacin. Maiɗakina za ta kira tana ba ni labarin dattawan unguwarmu da ake ta rasawa, da yadda jaririn ya hana ta barci, ni kuwa hankalina yana ƙasa, wajen wasu 'ya'yan zomo da suka fara buɗe ido. Wata rana ta tsaya a tsakiyar magana ta ce, "Kana ji na kuwa?"

Na ce ina ji.

Ta ce, "To me na ce?"

Ban iya maimaitawa ba. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Je ka wajen zomayenka, ma yi magana anjima." Na ajiye wayar na zauna a bakin gado. Bayan ɗan lokaci kuma na sauka wajensu.

A shekara ta biyu aka ɗan sassauta dokar fita. An fara allurar rigakafi, Baba ya yi rajista yana jiran a kira shi. A lokacin akwai wata baƙar zomanya da yake ji da ita fiye da kowa a kejunan. Ba ta da ɗigon fari ko ɗaya, amma uwarta da ubanta da kakanninta duk ya san su, kuma ya ce mafi kyawun hanci da ɗigon gefe a gidan yana cikin jininta. Layin baya ne kawai babu. Duk mazan da muke da su layinsu a tsinke yake.

Ni na gano namijin. Wani Bamalaye ne a unguwar Titiwangsa ya saka hotonsa a zauren masu kiwo. Layin bayansa kamar da rula aka ja shi. Na kai wa Baba wayar, ya saka tabarau ya daɗe yana kallo, ya ce, "Na san mutumin. Mun sha haɗuwa a gasa." Ya kira shi suka gaisa da Malayanci. Da ya ajiye wayar ya gaya mini an riga an sayar da namijin, wanda ya saya yana kudancin ƙasar, da zarar an buɗe hanyoyin jihohi zai zo ya ɗauka. Amma mutumin ya ce idan muna so mu kawo macenmu kafin nan, ƙofa a buɗe take.

Na ce, "To Baba me muke jira?"

Ya ce, "Allura. A yi mini, a yi maka, sai mu je tare."

"Kafin nan an tafi da shi."

"Idan an tafi da shi, wani zai zo."

"Shekara nawa ka yi kana jiran wanin?"

Na bar maganar ranar, na tayar da ita washegari, na sake tayarwa bayan nan. Na ce ni zan je, shi ya zauna a gida. Na ce zan saka takunkumi biyu, ba zan shiga gidan kowa ba, in miƙa ta in karɓo ta in dawo. Na ce zomanyar tana ƙara ƙiba, idan aka ja lokaci ba lallai ta ɗauka ba, kuma wannan daga bakinsa na ji. Wata safiya na sauko na tarar ya shimfiɗa ciyawa a kwandon tafiya, ya saka ta a ciki, ya ɗora makullin tsohuwar motarsa a kan murfin.

"Ka yi sauri ka dawo," ya ce. "Kada ka bar ta a rana."

Mace ake kai wa namiji a kejinsa, don idan aka kawo mata shi ɗakinta duka za ta yi masa. Bamalayen ya tarbe ni a rumfar da yake kiwo a gefen gidansa, mutum mai fara'a, gajere, da zani ɗaure a ƙugu. Ya saka ta wajen namijin. Ba a jima ba namijin ya yi wani ɗan gurnani ya faɗi gefe, mutumin ya tafa hannu ya ce, "Boleh!" wato ya yiwu. Sai ya ce a ba su ɗan hutu a maimaita, don a tabbatar.

Muna cikin jiran ne hadari ya haɗo, ruwa ya kece irin na garin nan da ba ya sallama. Wani maƙwabcinsa ya shigo rumfar a guje, sai ga wani mai babur ɗin kai saƙo shi ma ya fake. Matar gidan ta aiko da shayi mai madara. Kowa ya ja takunkuminsa ƙasa ya karɓi kofi. Na tsaya riƙe da nawa kofin ina tunanin alkawarin da na yi, sai na ga ba kyau mutum ya yi maka wannan karamci ka mayar masa da shayinsa. Na ja nawa ƙasa ni ma. Muka yi hira muka yi dariya, ruwa yana dukan kwano. Ba wanda ya yi tari, ba wanda ya yi atishawa. A hanyar dawowa na sha mai, na tsaya a kedai, wato kantin unguwarmu, na sayi burodi. Da na isa gida na ba Baba labarin komai, har shayin. Ya ce, "Mutanen kirki ne," ya karɓi kwandon ya shiga duba zomanyarsa.

Bayan 'yan kwanaki na tashi da zazzaɓi. Aka gwada ni aka ce annobar ce. Suka ɗaura mini wani abin roba a wuyan hannu, alamar mai cutar, suka ce in killace kaina a gida. Na kulle kaina a sama. Baba yakan hawo ya ajiye kwanon gwate a matakalar ƙarshe, ya ƙwanƙwasa bango ya ce, "Malam, ka ci da zafinsa." Ina ce masa ya daina hawowa, ya bar kwanonin su taru, ba ya ji. Nawa ciwon bai yi tsanani ba. Ciwon jiki ne da ɗaukewar jin ƙamshi. Karo na farko tun zuwana gidan na daina jin warin zomaye.

Ina samun sauƙi na fara jiyo tarinsa daga ƙasa. Na kira shi a waya, muna gida ɗaya. Ya ce ƙurar ciyawa ce, sabon buhu ya buɗe. Washegari tarin ya ƙaru, ya ce sanyin fanka ne. Sai wata safiya na ji fankoki suna juyawa amma ban ji ƙarar farantai ba. Na saurara, shiru. Na saka takunkumi na sauka. Yana zaune a kan kujerar kicin, ya dafa tebur da hannu biyu, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Ya ɗago ya dube ni zai yi magana, maganar ta kasa kai ƙarshe.

Da motar asibiti ta zo, ma'aikatan sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, suka ɗora shi a kujera mai taya. A bakin ƙofa ya ɗaga hannu suka tsaya. Ya janye abin numfashin da suka saka masa ya ce, "Baƙar nan... idan ta fara tsige gashi... ka saka mata akwati."

Na ce, "To Baba."

Ban bi su ba. Abin da ke hannuna bai ba ni damar wuce ƙofar gida ba. Na tsaya ina kallon motar har ta sha kwana.

Da yamma 'yarsa ta kira daga Jos. Ba mu taɓa magana ba sai gaisuwa idan Baba ya miƙo mini waya. Ta tambayi abin da likitoci suka ce, na gaya mata iyakar abin da na sani. Ta yi godiya. Har na ɗauka ta gama, sai ta ce, "Malam, don Allah in tambaye ka. Babana ba ya fita ko'ina. Waye ya fara a cikinku?"

Na ce, "Ni ne."

Ina jin kukan yaro a bayanta, da ƙarar cokali a tukunya. Can ta ce, "To. Allah ya ƙara maka sauƙi." Ta kashe. Da zagina ta yi, ina jin da na fi samun barci.

Aka shiga da Baba ɗakin masu tsananin ciwo, wayarsa ta daina shiga. Na rage daga ni sai zomaye. Ina yi musu komai yadda ya koya mini, har da abin da ba a saba yi ba, ina wanke farantin da na riga na wanke. Ba na iya zama. Idan na yi sujada sunansa ne yake fara zuwa bakina kafin na iyayena. Nakan koma rumfar nan ta Titiwangsa a zuciyata in ajiye kofin shayin ban sha ba, ko in ce wa Baba shi ke nan mu jira allura. Maiɗakina ta ce mini ciwo da lafiya duk na Allah ne. Na ce na sani. Na sani ɗin kuwa, amma sanin bai sauke mini komai ba.

Cikin zomanyar ya fito. Wata rana na gan ta da ciyawa cike da baki tana zagaye keji, na saka mata akwatin katako. Ta tsige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa a ciki. Da safe na tarar gashin yana motsi. Na wanke hannu, na shafa ciyawar kejinta, na buɗe a hankali.

'Ya'yan zomo tsirara ake haihuwarsu, ido a rufe, amma zanen yana nan a fatar tun ranar farko, kamar an ɗiga tawada a jikin jan nama. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Akwai baƙaƙe irin uwarsu. Akwai mai zane wanda layinsa ya karkace. Sai na ɗago wani ɗan ƙarami, ya kwanta a tafin hannuna yana wutsil-wutsil. Na bi bayansa da ido daga ƙeya har wutsiya, layin bai tsinke ba. Na juya shi dama, na juya shi hagu. Na duba hancin. Ban san lokacin da na yi kabbara da ƙarfi ba, na juya wajen ƙofar kicin zan kira Baba.

Kujerarsa tana nan inda ya bar ta. Na mayar da ɗan zomon cikin 'yan'uwansa na rufe su da gashi. Murnar da na yi ta ba ni kunya ƙwarai, har na kasa cin abinci ranar. Duk da haka na ɗauki hoto na aika wa wayarsa, ya zauna can ba a buɗe ba.

Baba ya rayu. Ranar da aka sallamo shi, ɗan zomon ya riga ya yi gashi yana tsalle a keji yana satar abincin uwarsa. Na je ɗauko Baba da motarsa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, an haɗo shi da na'urar iska da siririn tiyo a hanci. Likitar da ta sallame shi ta ja ni gefe ta tambaya ko akwai dabbobi a gidan. Na ce akwai zomaye. Ta ce huhunsa ya yi tabo, ba zai ƙara jure gashin dabba ko ƙurar ciyawa ba, kada ya kusance su ko kaɗan.

Baba ya ji abin da ta faɗa. Muna shiga gida ya ce in kai shi kicin. Na zaunar da shi gaban tagar gilashi mai kallon kejunan, na rufe ƙofar baya, na toshe ƙasanta da tsumma. Na zagaya ta lungu na shiga wajen zomayen, na shimfiɗa tawul a tebur, na matso da shi jikin tagar, na ɗora ɗan zomon.

Ya saka tabarau. Ta cikin gilashin muryarsa tana fitowa ƙasa-ƙasa. "Juya shi." Na juya. "Ɗaya gefen." Na juya. "Ɗaga haɓarsa." Na ɗaga. Ya daɗe yana kallo, yana jan numfashi. Sai ya ɗora tafin hannunsa a jikin gilashin, daidai bayan zomon, ya ce, "Malam, ya yi."

Da na yi wanka na canza kaya na dawo wajensa, na durƙusa gefen kujerar na ce, "Baba, da na ji maganarka mun jira..."

Ya katse ni. "Wa ya saka ta a kwando?"

"Kai ne."

"Wa ya ba ka makulli?"

"Kai ne, amma ni na matsa."

"To ni yaro ne da za a matsa mini? Ina so ne, shi ya sa. Bar maganar nan, ka ɗora mana ruwan shayi."

Na bar maganar a baki. Bai sake tayar da ita ba, ko da wasa.

Mun gwada zama a haka. Kullum da hantsi ya zauna a tagar in riƙa ɗago masa su yana ba da umarni da yatsa. Amma gashin zomo ba ya jin tsumma a ƙasan ƙofa. Yana bin iska, yana bin rigata, yana bin gashin kaina. Tarinsa ya ƙi sauka. Da muka koma asibiti likita ta yi mana faɗa sosai, 'yarsa kuma ta kira tana kuka. Wata safiya ya ce mini, yana kallon waje ba ni ba, "A raba su."

Shi ya zaɓi wanda za a ba kowanne. Ya san wanda yake da yara masu hankali, da wanda yake da rumfa mai sanyi, da wanda ba za a ba ko ɗaya ba saboda yana haɗa mai zane da mai zane. Mutane suka riƙa zuwa bakin lungu, ni nake fitar da zomayen ta baya don kada su ratsa cikin gida. Baba yana zaune a taga yana ɗaga wa kowanne hannu. Duk kejin da na buɗe na ga wayam, sai in ji kamar ni na kwashe masa shekarunsa na ɗora a motar wani.

Ɗan zomon da uwarsa Bamalayen Titiwangsa aka ba. Da ya zo ɗauka, na raka shi har mota, na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina, ko akwai wanda ya kwanta a gidansa bayan zuwana. Ya ce babu, shi da iyalinsa da maƙwabcin nan duk lafiya lau, mai babur ne kawai bai san inda yake ba. Na gaya wa maiɗakina, ta ce, "To ka gani, ƙila ma ba daga can ba ne. Ƙila a gidan mai ne, ko wajen sayen burodi." Na ce mata duk inda ne, ranar na fita, kuma a jikina ta shigo gidan.

Da aka buɗe gari sosai aka shirya gasa a wani babban zaure. Bamalayen ya shigar da zomon, ya kuma nace sai an rubuta Baba a matsayin wanda ya kiwata shi. Baba ba zai iya shiga wurin da zomaye suka cika ba, don haka ni na je, na kira shi ta bidiyo na ɗaga wayar sama da kawunan mutane. Alƙaliyar wata mata ce mai farar riga. Ta ɗora shi a tebur ta bar shi ya yi tafiya, ta shafa bayansa daga wutsiya zuwa kai, ta hura gashin, ta gwada gefe da gefe. Ta daɗe a kansa fiye da sauran. Sannan ta kifar da shi ta duba ƙasa, ta nuna wa mataimakinta wani abu a ƙafar gaba. Ɗigo ne ƙarami, bai kai ƙwayar gero biyu ba, a inda bai kamata a samu ɗigo ba. Aka ba shi na biyu.

Na juyo da wayar raina a ɓace. Sai na ga Baba yana dariya, dariyar ta koma tari, ya ɗaga hannu in jira shi. Da ya lafa ya ce, "Na gan shi tun ranar farko, lokacin da ka ɗaga haɓarsa. Matar nan ta san aikinta."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ka ga fuskarka kuwa a ranar? Idan za ka dawo ka yi mana tapau, a ƙunso mana abinci a wajen mamak, masu gidan abincin nan, shinkafa da kifi. Ka ce kada su cika yaji."

Na shiga banɗakin zauren na cire rigar da na zo da ita, na ƙulle ta a leda, na wanke hannu har gwiwa da fuska da kai, na saka wata da na taho da ita a jaka, sannan na kama hanya.

Bayan na kammala karatu na dawo Kano, na tarar da ɗana yana gudu yana ɓuya a bayan uwarsa idan ya gan ni. Ba a daɗe ba 'yar Baba ta je ta sayar da gidan Cheras ta dawo da shi Jos. Ya ajiye na'urar iskar, sai dai tafiya daga ɗaki zuwa ƙofar gida ma sai ya huta a hanya. Muna waya lokaci-lokaci. Wani sa'in 'yarsa ce take ɗauka, mu gaisa a mutunce ta miƙa masa. Yakan tambayi yaron, ya tambayi aiki, ya ba ni labarin acca da ya samu har ta gundure shi. Yana cikin magana sai numfashin ya yanke masa. Nakan yi shiru in riƙe wayar a kunne ina sauraro, har ya dawo daidai ya ci gaba daga inda ya tsaya.